Inna Nana Hauwa, Mai Lambu a Cikin Kango

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 12 ga watan Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran Inna Nana Hauwa a gidanta da ke Ƙofar Marke, cikin birnin Sakkwato, bayan jinyar kwana huɗu. An yi mata sutura bayan sallar Azahar. Ta rasu tana da shekara saba'in da uku a lissafin 'yarta Jannatu, saba'in ba ɗaya a nata lissafin, kuma babu wanda ya taɓa yin nasarar kayar da ita a wannan gardama. Ta bar 'ya'ya biyu, Siddiƙu da Jannatu, da jikoki tara, da mu uku waɗanda ba ta haifa ba, amma ta yi wa faɗa fiye da waɗanda ta haifa.

Sunana Amiru. Ni da abokaina biyu, Deborah da Sa'ad, mu ne muka yi ɗan fim ɗin nan na kangayen birni da wasu suka gani a waya. Mun gama karatu babu aiki, muna da kamara ɗaya ta aro da lokaci mai yawa, sai muka ce bari mu riƙa shiga tsofaffin gine-ginen da aka yi watsi da su a Sakkwato muna ɗauka. Ni ke riƙe da kamara, Sa'ad ke ɗaukar murya, Deborah ke haɗa hotunan a kwamfuta. A wannan yawo ne muka gamu da marigayiya, don haka abin da zan faɗa a kanta shi ne abin da idona ya gani cikin shekara biyu da 'yan watanni.

Inna, ba zan manta da ranar da muka fara haɗuwa ba. Watan Maris ne na 2023, zafi kamar ana gasa mutum. Mun je tsohon kamfanin jima da ke bayan Gidan Dare, wanda aka rufe tun kafin a haife mu. Muka haura katanga ta baya, wandona ya yage, Deborah ta gurje gwiwa. Na kafa kamara a gaban wani dogon ɗaki da rufinsa ya zube, na gyara murya, na fara cewa shekara talatin ke nan babu mahalukin da ya tako wannan wuri. Ban rufe baki ba wata jar akuya ta gilma a bayana. Wata ta biyo ta. Sai ga ki da bokiti a hannu, kin ɗaure zani a kan dogon wando, kin tsaya kina kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa yac ce muku babu kowa?" kika ce. "Ku matsa, kun taka mini sure."

Muka duba ƙasa, ashe a tsakiyar fangalin yakuwa muke tsaye. Kika ƙara da cewa ƙofar gabas a buɗe take tun zamanin soja, mu ne muka zaɓi katanga kamar ɓarayi. Daga nan kika zaunar da Deborah a kan wani tsohon ƙarfe, kika wanke mata gwiwa, kika ba ni allura da zare kika ce in juya baya in rufa wa kaina asiri.

A ranar muka san ko wace ce ke. Kin shiga wannan kamfani kina da shekara ashirin da 'yan kai, lokacin da mata uku ne kawai a cikin ma'aikata fiye da ɗari. Aikinki tantance fata. A kawo fatun akuya tuli, ki shafa kowace da tafin hannu, ki ware ta ɗaya, ta biyu, da wadda ba ta cancanci a fitar da ita waje ba. Shekara goma sha tara kina wannan aiki. Da aka rufe kamfanin kowa ya watse, mijinki kuma ya rasu ba da daɗewa ba, sai kika ci gaba da zuwa, da farko don kiwon awakinki a ciyawar da ta fito, daga baya kika ga rijiyar kamfanin ba ta ƙafe ba. Kika sa aka riƙa kawo miki ƙasar fadama a kan jaki, kika cika kwamin siminti da ake ɗauraye fata a ciki, kika shuka yakuwa da rama da lalo da kuɓewa, wadda ba ki taɓa yarda a kira ta da wani suna ban da guro ba. Da wannan lambu kika ciyar da Siddiƙu da Jannatu har suka zama mutane.

Sa'ad ɗan mahauta ne daga Unguwar Rogo, kuma bai yarda da labarin tafin hannun nan ba. Wata rana ya zo da fatu uku daga gidansu, ya ce ki rufe ido. Kika rufe. Ta farko kika ce akuya ce da ta ci ta ƙoshi, kuma hannun dattijo ne ya feɗe ta. Ta biyu kika ce ta sha ƙaya a daji. Da kika shafa ta uku sai kika yi tsaki, kika ce wanda ya feɗe wannan hankalinsa yana wani wuri, ya huda ta sau biyu a wajen haƙarƙari, a faɗa masa ya ji tsoron Allah. Yayan Sa'ad ne ya feɗe ta, a makon da yake neman aure. Har yau a gidansu idan wuƙa ta kuɓuce wa wani, sai a ce za a kai ƙararsa wurin Inna.

Ke ce kuma kika hana mu halaka kanmu. A ƙuryar yamma akwai wasu ramuka huɗu da ruwan sama ke taruwa a ciki, gefensu ya yi wani shuɗi-shuɗi mai kyau a ido. Ni har na fara murna na sami hoto. Kika daka mini tsawa, kika ce a nan ake zuba maganin jima na Turawa, ko akuyarki ba kya bari ta matsa kusa, kuma ba ki taɓa shuka ko ƙwayar gero a wannan ɓangare ba. Kika sa muka yi alkawari ba za mu shiga wani kango ba sai da takalmi mai rufi, kuma ba za mu hau bene ba sai mun fara jefa dutse mun ji ƙararsa.

Sai dai gaskiya, Inna, kin ɓata mini aiki ba kaɗan ba. Ni shiru nake so. Ina son a ga ƙarfe ya yi tsatsa, a ji iska tana kaɗa kwanon rufi, mai kallo ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Ke kuwa ga rediyonki a rataye a jikin zogale, ga awaki suna kuka, ga ki kina ƙwala wa matan da ke zuwa sayen ganye kira tun daga bakin ƙofa. Sau ɗaya na roƙe ki ki ba mu awa guda. Kika ce to, kika koma gefe kika zauna a kan bokiti. Minti biyar ba a yi ba kika taso kika ce na kafa kamarar a inda bai dace ba, wannan ɗakin ajiyar gishiri ne kawai, in ina son abin kallo in zo ki nuna mini inda injin ya taɓa kama rigar manaja.

Deborah ce ta faɗa mini abin da ba na son ji. Bayan ta kwashe mako biyu tana duba abin da muka ɗauka, ta ce duk inda babu ke barci yake sa ta, duk inda kika shigo kuwa har mahaifiyarta, Malama Esther, takan bar girki ta zo ta tsaya a bayanta. Na yi fushi na kwana uku. A rana ta huɗu na zo na tambaye ki ko za ki yarda fim ɗin ya zama da ke a ciki. Kika ce sai kin gaya wa Siddiƙu. Na ce to, mu jira izininsa. Kika ce ba izini kika ce ba, gaya masa za ki yi. Washegari kika zo da sabon mayafi ruwan goro da kwalli a ido, kika ce wa Sa'ad ya matso da sandar maganarsa kusa, kada a ce tsohuwa ba ta da murya.

Daga nan ke kika zama jagorarmu. Mukan cika keke napep mu huɗu da kaya, kina gaba kusa da direba kina nuna masa hanyar da ya riga ya sani. Kin kai mu tsohuwar maɗaba'a inda wani Malam Mamman ke kiwon tantabaru a cikin akwatunan haruffa. Kin kai mu wani otal da ya mutu, inda mata ke shanya tattasai a cikin busasshen tafkin wanka. Ko'ina muka je sai mun tarar da wani, kuma sai ya zamana kin san shi, ko kin san uwarsa. Kafin a kunna kamara sai kin sa mun gaisa, mun faɗi sunayen iyayenmu, mun nemi yardar mutum. Kin ce wanda ya shiga wuri bai yi sallama ba, ko kango ne, bai da tarbiyya. Deborah kuwa kin mayar da ita 'yar ɗaki. Ranar Kirsimeti kika aika wa gidansu kwando guda na guro da kaza, su kuma da Sallah suka zo miki da cincin, kika ɓoye shi a cikin kwalla don kada jikoki su gani.

Yanzu sai in faɗi laifina, domin ta'aziyyar da babu gaskiya a cikinta ba ta da amfani ga mamaci ko mai rai. A watan Satumba na 2023 na yanki minti uku daga cikin fim ɗin na sa a intanet. Ban tambaye ki ba, ban tambayi abokaina ba, yabo kawai nake nema. Na kuwa samu, don cikin kwana biyu ya zagaya ko'ina. A cikin waɗanda suka gani har da Alhaji Hashim, ɗan marigayi mai kamfanin, wanda ke zaune a Legas kuma ya yi shekara ashirin bai leƙo filin ba. Hoton ya tuna masa yana da dukiya a Sakkwato. Bayan mako biyu sai ga masu awon fili, suka kafa turaku har a cikin fangalin rama, suka ce Alhaji zai rushe komai ya gina shaguna da gidajen haya, a kwashe shuka da dabbobi kafin wata guda.

Na zo na same ki kina cire ciyawa, na durƙusa na faɗa miki ni na jawo. Ba ki ɗago ba. Kika daɗe kina aikinki, sannan kika ce in tashi in tafi gida. Kwana biyu ina zuwa ina gaishe ki, kina amsawa kamar yadda ake amsa wa baƙo. Ban taɓa jin kunya irin ta waɗannan kwanaki ba. Lambun nan shi ne abincinki, shi ne wurin hirarki, shekara kusan talatin kina gina shi, ni kuma na rushe shi da yatsa ɗaya. A rana ta uku kika miƙo mini bokiti kika ce guro ba ya jiran mai baƙin ciki, in je in jawo ruwa. Da na dawo kika ce abin da ya ɓata miki rai ba filin ba ne, don dama ba naki ba ne. Abin da ya ɓata miki rai shi ne kin koya mini sallama wata shida, ban koya ba.

Ranar da Alhaji Hashim ya zo da kansa, mu uku muna wurin, Siddiƙu ma ya bar rumfarsa ta nama ya zo. Mun shirya maganganu iri-iri na roƙo. Kika ce kowa ya yi shiru. Alhaji ya fito daga mota, babban mutum mai furfura a gemu, ya yi gaisuwa irin ta wanda ke sauri. Kika dube shi sama da ƙasa.

"Hashimu," kika ce, "hilin ubanka na, kuma halalinka na. Ba ni roƙon ka komi sai kwana arba'in in tsinke gurona. Amma zo in gwada maka wani abu, don kada ka kashe ɗiyan mutane."

Kika ja shi har ƙuryar yamma, wurin ramukan nan masu shuɗi. A takardar masu awo, daidai nan aka sa gidajen haya da rijiyar burtsatse. Kika faɗa masa abin da aka zuba a wurin shekara da shekaru, da inda bututun ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, da inda ya fashe a shekarar da aka yi ambaliya. Kika nuna masa iyakar inda ciyawa ke fita da inda ba ta fita. Sannan kika tambaye shi ko ya tuna ranar da yana ɗan shekara shida ya biyo mahaifinsa, ya sulale ya zo bakin wannan rami yana leƙe, wata ma'aikaciya ta fizgo shi ta wuyan riga ta zuba masa dundu uku.

Alhaji ya kai hannu bayansa, ya ce huɗu ne, Inna, ba uku ba. Ya fashe da dariya har ya cire hula, ya durƙusa ya sake gaishe ki, wannan karon gaisuwa ta sosai.

Bai yanke hukunci a ranar ba. Ya sa aka ɗebi ƙasar wurin da ruwan aka kai gwaji, sakamako ya fito kamar yadda kika faɗa. Sai ya canza tsarin ginin gaba ɗaya. Aka killace ramukan, aka gina shaguna ta bakin titi kawai, ya bar miki bayan filin da rijiyar, ya sa aka rubuta cewa ke da iyalinki za ku ci gaba da noma wurin. Kin rasa fangali biyar da inuwar wata bishiya da kike so, kuma ba ki ɓoye cewa ya yi miki ciwo ba. Amma kin sami rumfa a bakin titi, inda cinikin ganye ya ninka. Kika ce mini kada in kuskura in ɗauka wayona ne ya jawo wannan, Allah ne Ya rufa mini asiri.

Mun nuna fim ɗin bayan ƙaramar Sallah ta 2024, a cikin ɗakin shanya fatu na kamfanin, wanda duhunsa ya isa ko da rana tsaka. Bayan La'asar aka tayar da janareta, aka rataya farin zanin gado. Ke kika aika aka nemo tsofaffin ma'aikata, aka sami goma sha ɗaya da ke raye, wasu da sanda, ɗaya a kan keken guragu. Wasunsu rabonsu da juna tun ranar da aka rufe ƙofa. Babu wanda ya ji rabin abin da ake faɗa a fim ɗin, saboda kina zaune a gaba kina yi wa kanki gyara. In Inna ta cikin zani ta ce abu ya faru a shekarar kaza, sai Inna ta kan tabarma ta ce ƙarya take yi, shekarar da ta biyo baya ce. Tsofaffin nan suka yi ta dariya suna share hawaye, suna nuna inda kowa ke tsayawa a da. Sai da aka maimaita shi sau biyu kafin Magariba.

Ciwon ajalinki bai daɗe ba. Zazzaɓi ne ya kama ki ranar Juma'a, aka kai ki asibiti, ranar Lahadi kika matsa a mayar da ke ɗakinki. Mun zo duba ki ranar Litinin da yamma. Kin rame, amma bakin yana nan. Kika ce wa Sa'ad ya yi aure ya daina yawo da sanda, kika riƙe hannun Deborah kika sa mata albarka, ni kuma kika ce kin yafe mini tun tuni, kina dai ja mini rai ne don kin ga yana yi mini amfani. Kika nemi mu ma mu yafe miki faɗan da kika yi mana. Jannatu ta ce da safiyar Talata kin yi sallah a zaune, kin sha kunu, kin yi kalmar shahada da bakinki, sannan kika kwanta kamar mai hutawa.

A zaman makoki na ga abin da ban saba gani ba. Mutane suna shigowa da kuka, kafin su tashi sai ka ji ana danne dariya, domin kowa yana da labarin ranar da kika yi masa tatas sannan kika cika masa leda da ganye. Matan da ke sayen yakuwa sun zo, Malam Mamman mai tantabaru ya zo, mahautan Unguwar Rogo sun zo, Malama Esther ta wuni a cikin gida tana taya mata aiki, Alhaji Hashim ya hawo jirgi ya iso ranar addu'ar uku.

A ranar ne Jannatu ta kira ni gefe, ta ce ƙaramin jikanki yana ta tambaya yaushe za ki dawo, ita kuma tana tsoron kada yaran su manta da muryarki. Fim ɗinmu minti arba'in ne, amma abin da muka ɗauka muka ajiye ya kai awa goma sha huɗu. Deborah ta kwana biyu tana tattara shi, muka kai musu duka, ba mu cire komai ba. Na gaya wa Jannatu gaskiya cewa fiye da rabinsa faɗa ne. Ta ce shi ne ma abin da suka fi kewa.

Ya Allah, ga baiwarKa Nana Hauwa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sanya kowane ganye da ta shuka wani ya ci, da kowane rai da ta tsare daga cuta, a cikin ma'aunin ayyukanta na alheri. Ka haɗa ta da mijinta da iyayenta a Aljannar Firdausi. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Deborah da Sa'ad, ga Yaya Siddiƙu da Anti Jannatu da jikoki, da 'yan'uwa na Ƙofar Marke, da maƙwabtan lambu na Gidan Dare, da tsofaffin abokan aikinta da suka rage. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci abin da ta bari. Mun zo gidanku baƙi, ta mayar da mu 'ya'ya, don haka kada ku yi mana ta'aziyyar baƙi. Mu ma uwa muka rasa.

Allah Ya jiƙan Inna. Amin.